Wa Ke Da Ikon Cewa Magana Ta Ƙare?

Lome, babban birnin Togo, gari ne da ake aikin gwamnati da Faransanci, amma Ingilishi bai taɓa yin nisa da shi ba. Iyakar Ghana ta Aflao tana manne da unguwannin yamma na birnin, har mutum yana iya karya kumallo a Togo, ya taka da ƙafa ya je ya sha shayi a Ghana. Turawan Ingila ne suka riƙe birnin daga 1914, sa'ad da aka ƙwace shi daga hannun Jamus, har 1920 da suka miƙa wa Faransa. A 2022 kuma Togo ta shiga ƙungiyar Commonwealth. Saboda haka Bahaushen Zongo da yake fatauci tsakanin Akara da Ikko, ko yake da ɗa a makaranta a hayin iyaka, ba ya rasa takardar Ingilishi a aljihu, ko wasiƙa, ko takardar yarjejeniya, ko rahoton wani taro. Akwai wata kalma da take yawan fitowa a ƙasan irin waɗannan takardu, ita ce "conclude". A kanta nake so mu yi tunani, gama akwai tambaya a cikinta wadda ta fi ƙarfin ƙamus.

Bature yana aiki da kalman nan a wurare huɗu aƙalla. Idan shugaban taro ya kai ƙarshen jawabinsa, da ita za a faɗa, mu kuwa sai mu ce ya kammala, ko ya gama. Idan kwamiti ya zauna ya tsai da abin da za a yi, ita ce dai, mu kuwa mu ce sun yanke shawara. Idan maharbi ya ga sawu a bakin rafi ya ce kura ta bi ta nan da dare, har yanzu ita ce, mu kuwa mu ce ya gane, ko ya tabbatar a ransa. Idan kuma ƙasashe biyu suka sa hannu a kan takarda, Bature bai sake kalma ba, amma mu sai mu ce sun ƙulla yarjejeniya. Mai haɗa ƙamus na Ingilishi da Hausa, irin su Neil Skinner a 1965 ko Roxana Newman a 1990, ba shi da Bahaushiyar kalma guda da za ta ɗauki wannan kaya duka. Mai karatu ya lura da biyu daga cikinsu, yanke da ƙulla. Ɗaya aikin wuƙa ne, ɗaya aikin igiya. Abin da muke gani kishiyoyi ne, Ingilishi ya zaunar da su a ɗaki ɗaya.

Asalin kalman daga Latin ne, daga wani aikatau mai ma'anar rufewa, kamar yadda ake rufe ƙofa. 'Yan'uwanta da ƙamus yakan jera kusa da ita, kowace da nata hoto a ɓoye. "Decide" ta fito daga sara ko yanka, daidai da tamu yanke, Faransawa ma suna da "trancher" mai wannan hoto. "Determine" da "terminate" sun fito daga dutsen da Romawa suke kafawa a kan iyakar gona. "Resolve" daga kwance ƙulli take, wato warwarewa. "Settle" kuwa, wadda ba ta Latin ba ce, 'yar'uwar kujera ce, ma'anarta zaunarwa, da ita ake faɗin biyan bashi, da sasanta rikici, da kwanciyar laka a gindin randa. Malamin makaranta yakan ce wa yara dukansu ma'anarsu ɗaya, su zaɓi wadda suka ga dama don kada su yi ta maimaita kalma guda. Don cin jarrabawa wannan ya isa. Amma wanda aka rufe wa ƙofa da wanda aka kwance wa ƙulli ba za su yarda cewa abu ɗaya aka yi musu ba.

Hausa ma tana da nata jeri, kuma ta fi Ingilishi rashin kunya wajen nuna bambancin. Tuwo yakan ƙare, gini kuwa akan kammala shi. Abin da ya ƙare babu shi kuma, abin da aka kammala yanzu ne ma za a fara morarsa. Ga magana kuwa, wato rikici ko shari'a ko wata damuwa tsakanin mutane, muna da hanyoyi da yawa na kai ta ƙarshe. Akan kashe magana, akan binne ta, akan rufe ta, akan bar ta. Akan raba gardama, akan sasanta, akan yi sulhu. Duk mai jin Hausa ya san cewa maganar da aka binne tana nan a ƙarƙashin ƙasa, kuma akwai ranar da wani zai tono ta, watakila a wurin biki, watakila a wurin rabon gado. Ya kuma san abin da ake nufi idan aka ce an kashe maciji ba a sare kansa ba. Kalmomin nan ba ado ba ne. Kakanninmu sun ga cewa tsayawar hayaniya ba ita ce ƙarewar magana ba, suka ba kowane hali sunansa.

To, ga tambayar. Idan mai iko ya yanke, magana ta ƙare ke nan? In ba ta ƙare ba, wa yake da ikon cewa ta ƙare?

Amsar da ta fi gamsar da ni, a kasuwa take, kuma mutanen Zongo sun fi kowa saninta, gama ciniki ne ya haifi unguwarsu. A je kara a tsaya a ga yadda ake sayar da sa. Mai saye ya taya. Idan tayin bai yi wa mai dabba ba, ba zai yi zagi ba, kalma ɗaya zai faɗa, albarka. Mai saye ya ƙara, dillali ya shiga tsakani, ya ja wannan gefe ya yi masa raɗa, ya koma wurin wancan. Ana iya ɗaukar sa'a guda a haka. Mai saye yana iya zama attajirin da ya fi kowa kuɗi a garin, yana iya ɗaga murya, yana iya zaro kuɗin ya ajiye a ƙasa. Duk da haka ciniki bai faɗa ba sai mai dabba ya buɗe bakinsa ya ce ya sallama. Kalmar ƙarshe tana bakin wanda abin zai fita daga hannunsa. Wanda ya kama igiyar sa ya ja kafin a sallama masa, ko da ya biya ninki biyu, kowa a kara ya san sunan abin da ya yi, kuma sunan ba ciniki ba ne.

Har bayan sallamar ma da saura. Michel Agier, wani masani Bafaranshe da ya zauna cikin 'yan kasuwar Zongon Lome ya kuma buga littafi a kansu a 1983, ya bayyana yadda cinikin shanu da na goro suke tsaye a kan mai gida. Mai gida shi ne yake saukar da baƙon da ya kawo kaya daga arewa, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da masu saye ta hannun dillalansa, a ba da la'ada. Irin wannan tsari ne kuma Abner Cohen ya gani a Sabo ta Ibadan, ya rubuta a 1969. Mahauci yakan ɗauki sa bashi, sai ya yanka ya sayar da nama kafin ya biya, mai gida ne kuma yake tsaya masa. Ashe ranar da ciniki ya faɗa, ranar ce nauyi ya hau kan mutum uku. Ga ma'ana ta huɗu ta kalmar Ingilishin nan, wadda muka ce ƙullawa ce. Abin da takarda ta kira rufewa, a rayuwa mafarin alkawari ne.

Yanzu mu duba abin da ya sami unguwar kanta. Zango, ko zongo kamar yadda ake faɗa a ƙasashen bakin teku, wurin da ayari yake yada kaya ya kwana ne. A kan tsohuwar hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja akwai zanguna da yawa, waɗansu suka zama garuruwa. Da yaƙin basasa ya watsa kasuwar Salaga a 1892, fatake suka bazu, Hausawa suka ƙaru a garuruwan kudu. A Lome kuwa an riga an san su tun garin yana ƙarami, kafin Jamus su mai da shi babban birni a 1897. Tun zamanin Jamus ɗin akan matsar da zangon zuwa gefen gari, gari kuma ya yi girma ya sake cim masa. Da aka kai shekarun 1970, unguwar da dā take bayan gari ta zama tana tsakiyar birni, a kan ƙasa mai tsada. Mutanenta yawancinsu Musulmi ne, Hausawa da Zabarmawa da Kotokoli da waɗansu, kuma da yawa a cikinsu nan aka haife su, nan aka haifi iyayensu. Sunan dai bai sake ba. Mutum yana iya yin shekara sittin a gida ɗaya, amma sunan unguwarsa yana faɗa wa kowa cewa shi mai wucewa ne.

A lokacin nan Togo tana ƙarƙashin Janar Gnassingbe Eyadema, wanda ya hau mulki a 1967, jam'iyya kuma ɗaya ce tak a ƙasar. Kuɗin ma'adinin fosfat ya shigo da yawa a 1974, Lome ta zama wurin manyan tarurruka, a nan aka sa hannu a kan yarjejeniyar ciniki tsakanin ƙasashen Turai da ƙasashe 46 na Afirka da Karibiyan da Pasifik a 1975. Gwamnati tana son birni mai kyan gani. A 1977 aka rushe Zongo. Dubban mutane suka kwashe abin da za su iya kwashewa. Aka nuna musu fili a arewa da birnin, wajen kilomita 15, a gefen Togblekope kusa da kogin Zio, inda ruwa yakan yi ambaliya da damina, wurin da ake kira Agoe-Zongo yanzu. Ba duka ne suka tafi can ba, waɗansu suka kama haya a wasu unguwanni don kada su yi nisa da kasuwa. A yankin tsohuwar unguwar, manyan gine-ginen bankuna suka tashi. Faransancin Afirka yana da kalma ta musamman domin wannan aiki, "déguerpissement", daga aikatau mai ma'anar a tashi a bar wuri da sauri.

A wurin ma'aikacin ofis, an rufe fayil, batun Zongo ya ƙare. Amma a auna shi da mudun kara. Wa ya taya, wa ya sallama? Ko da an tara shugabannin unguwa an faɗa musu, sanarwa daban take da tayi, gama wanda aka taya wa yana da damar cewa albarka, wanda aka sanar wa ba shi da ita. Abin da aka yi a 1977 yankewa ne, da wuƙa mai kaifi. Maganar kuwa ta ci gaba a wasu wurare, cikin kuɗin mota na kowace safiya daga sabon wuri zuwa babbar kasuwa, cikin maƙwabtan da suka rabu, cikin tsohon da ya san kowane lungu ya wayi gari baƙo. Shekaru suka wuce, birnin ya miƙe arewa har ya haɗiye sabon Zongon ma, unguwar ta cika ta batse. Tsugune ba ta ƙare ba. Abin da aka so a kawar daga tsakiyar gari, garin ya bi shi da ƙafarsa.

Kada kuwa wani ya ce halin Togo ne. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia a Ghana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, zangunan Ghana suka girgiza, jama'a suka kwarara ta Aflao. A farkon 1983 gwamnatin Shagari a Nijeriya ta yi irin nata, wannan karo mutanen Ghana ne suka bi ta Lome da kayansu a ka, suka nufi yamma. Hanya ɗaya, an bi ta gaba an bi ta baya, kowace gwamnati kuma tana ganin ta gama da matsalar baƙi. A nan ma'ana ta uku, ta maharbi da sawun kura, takan yi ɓarna. Kafin a kori mutane, akan riga an gama da su a zuci: su ne ɓarayi, su ne masu ƙazanta, su ne suka cinye aikin 'yan ƙasa. Maharbi na kirki in ya ga sawu yakan bi shi ya tabbatar. Mu kuwa sau da yawa sawu ɗaya ya ishe mu mu rufe ƙofa.

Amma akwai mai hankali da zai tsai da ni a nan, kuma yana da gaskiya. Zai ce gari ba kara ba ne. Idan za a jira kowane mutum ya sallama, ba za a taɓa shimfiɗa hanya ba, ba za a gina asibiti ba, ba za a raba gado ba. Akwai mai taurin kai wanda ko an ba shi duniya zai ce albarka. Akwai kuma azzalumin da jinkiri yake yi wa daɗi, gama shi ne yake zaune a gonar marayu, kowace shekara da aka ƙara ana shawara shi ne yake girbi. Alƙalin da ya ƙi yankewa domin yana jiran kowa ya yi murmushi, ya riga ya yanke, ya ba mai ƙarfi. Mun san majalisu, har da na ikilisiya, da suke ɗaga magana daga zama zuwa zama har mai ƙara ya gaji ko ya mutu, sa'an nan su ce an zauna lafiya. Wannan ma zalunci ne, zaluncin matsorata. Don haka ban ce kada a yanke ba. Mai iko an ba shi wuƙa domin ya yi aiki da ita.

Abin da nake cewa ƙarami ne, amma ina ganin nauyinsa. Iko biyu ne, ba ɗaya ba. Ikon yankewa na shugaba ne, ko alƙali, ko uba, ko majalisa. Ikon cewa ta ƙare kuwa yana wurin wanda yankan ya bi ta jikinsa, gama mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shugaba yana iya karɓe gidan mutum bisa doka, ba ya iya karɓe sallamarsa. Laifin yana shigowa ne sa'ad da mai ikon farko ya miƙa hannu ya ɗauki na biyu, ya yanke, ya kuma shelanta cewa babu sauran magana, duk wanda ya ƙara tayar da ita mai neman fitina ne. A nan ne kalma irin ta Ingilishin nan take da daɗin aiki ga masu mulki. Da ita mutum yana iya faɗin "na yanke" a ji kamar ya ce "ta ƙare", ba kuwa wanda zai kama shi da ƙarya.

Shari'ar da Sarki Sulemanu ya yi wa mata biyu masu jayayya a kan jariri, wadda take cikin sura ta 3 ta littafin Sarakuna na fari, kowa ya san ta, amma akwai wani gefe nata da ba a cika dubawa ba. Sarki ya sa a kawo takobi a raba yaron biyu. Wannan yankewa ce ta zahiri, kuma a ido adalci ne, rabi da rabi. Da uwar gaskiya ta ga takobi, sai ta sallama ɗanta ga abokiyar gardamarta domin ya rayu. To, ga sallama an samu, a gaban shaidu. Da sarki mai son rufe fayil ne, da ya ce a rubuta cewa mai ƙara ta janye da bakinta, kowa ya tafi gida. Bai yi haka ba. Ya gane cewa sallamar da takobi ya fitar ba sallama ba ce, kuka ne, ya kuwa saurari kukan ya mayar mata da ɗanta. Hikimarsa tana cikin sanin bambancin nan.

Birnin Lome ɗin nan ya ga irin wannan a babban mataki. Ran 7 ga Yuli 1999, a ƙarƙashin jagorancin Eyadema, Shugaba Ahmad Tejan Kabbah na Saliyo da Foday Sankoh, madugun 'yan tawayen RUF, suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya, bayan yaƙin da aka fara tun 1991. Watanni shida kafin nan 'yan tawaye sun shiga Freetown sun yi kisa da ƙone-ƙone, sun datse wa mutane hannuwa, sojojin Nijeriya da yawa kuma sun mutu a yaƙin ƙasar. Yarjejeniyar ta ba Sankoh matsayi daidai da na mataimakin shugaban ƙasa da shugabancin hukumar da take kula da ma'adinai, ta kuma yi wa mayaƙa afuwa. Wakilin Majalisar Ɗinkin Duniya, da zai sa hannu, ya ƙara bayani cewa Majalisar ba ta ɗauki afuwar ta shafi manyan laifuffukan yaƙi ba. A watan Mayu na 2000 'yan tawaye suka kama sojojin kiyaye zaman lafiya wajen 500, aka koma faɗa, aka kama Sankoh. Sai a Janairu 2002 aka shelanta ƙarshen yaƙin. Sankoh ya mutu a tsare a 2003 kafin a gama shari'arsa.

Ba na zargin Kabbah. Mutum ne da takobi yake kan ɗansa, ya ba da abin da ya ba da domin jama'a su rayu. Amma takardar ta nuna iyakar abin da hannu da alƙalami suke iyawa. Gwamnati tana iya yin afuwa, wato ta ce ba za ta hukunta ba, wannan nata ne. Yafewa kuwa ba tata ba ce. Matar da aka datse wa hannu ita kaɗai take riƙe da wannan, ba shugaban da zai iya sa hannu a madadinta a wani otal a wata ƙasa. Masu rubuta yarjejeniyar ma kamar sun ji haka a jikinsu, gama sun sa a kafa hukumar gaskiya da sulhu, wadda daga baya ta zaga ƙasar tana sauraron mutane, ta miƙa rahotonta a 2004.

Yawancinmu ba za mu taɓa rushe unguwa ko mu sa hannu a kan yarjejeniyar ƙasa ba. Namu ikon ƙarami ne, a tsakar gida yake, da ɗakin taron dattawa. Amma a can ne aka fi yin wannan ƙwace. Maigida ya yi wa matarsa laifi, dangi suka taru, aka ba shi rashin gaskiya, ya ce a yi haƙuri, babban wa ya tafa hannu ya ce to, magana ta ƙare, kada a ƙara ji. In ta tashi da fuska a ɗaure washegari, ita ce ta zama mai laifi, mai riƙo. Uba ya raba gona tsakanin 'ya'yansa, wanda aka ba tudu mai tsakuwa ya buɗe baki, aka ce ya yi shiru, babba ya gama magana. A cikin jama'ar masu bi kuma muna da wata hanya da ta fi waɗannan laushi, ta kuma fi su ciwo. Mukan sa wanda aka cuta ya miƙa hannu a gaban mutane tun hawayensa bai bushe ba, mu ce ai an umarce mu mu gafarta. Gaskiya ne an umarce mu. Amma umarnin yana tsakanin mutum da Ubangijinsa, ba sanda ba ne da aka ba kwamiti domin ya tashi taro da wuri. Gafarar da aka matse daga bakin mutum don kunyar jama'a, 'yar'uwar sallamar matar nan ce a gaban takobi.

A ce gwauruwa ce ta kawo ƙara gaban dattawan ikilisiya, 'yan'uwan mijinta suna so su sayar da gidan da take ciki da 'ya'yanta. Dattawa suka ji kowane gefe, suka duba takardu, suka ga cewa gidan na gado ne tun daga kaka, ba na mamacin kaɗai ba. Dole a yanke, kuma yadda duk aka yanke wani zai yi asara. Suka tsai da cewa a sayar, a ba ta kason mijinta, a kuma ba ta shekara guda ta nemi wuri. Mai yiwuwa hukuncin daidai ne. Sakatare yana rubuta rahoto da Ingilishi, kamar yadda aka saba a wurare da yawa, alƙalaminsa kuma zai kai kan kalman nan tamu ba tare da ya yi tunani ba. Sai shugaba ya ce a karanta wa Mama da Hausa, gama ba ta jin Turanci. Nan tafinta zai tsaya, domin Hausa ba za ta bar shi ya ɓuya ba. In ya ce, "Mama, magana ta ƙare," ya faɗi abin da ba shi da ikon faɗa, shi da dattawan duka. Abin da ya faru a ɗakin shi ne, "Mama, dattawa sun yanke shawara." Bayan wannan akwai tambayar da ta rage a yi mata, ko ta sallama, a kuma ba ta damar da ake ba kowane mai sa a kara, ta ce albarka ba tare da an kira ta mai taurin kai ba. Albarkarta ba za ta soke hukuncin ba. Za ta dai hana dattawa su tafi gida suna ganin sun sauke kaya, gama kamar mai gida da bashin mahauci, su ne suka tsaya, su ne kuma za su bi har ta sami ɗaki, har kuɗin ya shiga hannunta cif, har yaran su koma makaranta. In ta yi shiru, ta gyara ɗankwalinta ta fita, sakatare ya rubuta ranar da dattawa biyu za su je gidanta, ya sa batun cikin abubuwan da za a duba a zama mai zuwa.